Kafin ka biya kuɗin gida, nemo wanda zai duba maka abin da fenti ya rufe

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah ina roƙon ɗan fili ne in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda mutane ke sayen gida ko su tare a ciki ba tare da wani wanda ya san aikin gini ya shiga ya duba musu lafiyar ginin ba, alhali ga mafi yawan mutane gida shi ne abu mafi tsada da za su taɓa saya a duk rayuwarsu, kuma a cikinsa za su kwanta su rufe ido su da iyalansu kullum dare.

Ka lura da mai neman gida in an kai shi gani. Zai shiga falo ya ce kai falon nan da girma yake, ya kalli tayil yana sheƙi, ya ɗaga kai ya ga silin mai ado da fitilu, uwargida ta leƙa kicin ta ce ya yi mata, a ƙirga ɗakuna da banɗakuna, shikenan an gama sai maganar kuɗi. Duk abin da suka kalla ɗin nan shi ne mafi sauƙin canzawa a gida, fenti da tayil ko yaushe ka samu hali za ka sake su. Abin da ke cinye dukiyar mutum, wani lokaci har da ransa, yana ƙarƙashin ƙasa, yana cikin bango, yana saman silin inda ba wanda ya hau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, toh amma mai ɗakin nan yau sayarwa yake son yi, ba lallai ya nuna maka ba. Ban ce duk mai sayar da gida macuci ba ne, a'a, da yawansu su ma ba su san abin da ke cikin ginin nasu ba, sun saya ne a haka ko sun gada, kuma rashin saninsu ba zai rage maka ko kwabo daga kuɗin gyara ba.

Wa ya kamata ya duba? Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ba dillali ba, domin shi ladansa yana rataye da cinikin, in ciniki ya faɗa ya samu in ya watse ya tashi a tutar babu, ko da mutumin kirki ne ba adalci ba ne ka ɗora masa wannan nauyi. Ba kuma injiniyan da mai gidan ya kawo ba. Haka nan ba abokinka birkila ba da zai zo ya bubbuga bango da hannu ya ce ai ginin nan garau yake, birkila ya san jera bulo kuma ina girmama sana'arsa, amma lissafin nauyin da fila ko dekin zai iya ɗauka wani ilimi ne daban. Ka nemo ƙwararre mai rajista da hukumar da ke kula da sana'arsa, injiniyan gini ko mai duba gine-gine, wanda kai ka ɗauko shi, kai ka biya shi daga aljihunka, kuma kuɗinsa ɗaya ne ko ka sayi gidan ko ka fasa. A wasu ƙasashe duba gida sana'a ce mai zaman kanta, a Amurka tun 1976 masu wannan aiki suke da ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙa'idojin abin da dole su duba. Sannan wanda zai sayi gida da bashin banki ya sani, mutumin da banki ke turowa ya kimanta gida yana duba darajar gidan ne a kasuwa don bankin ya tabbatar kuɗinsa ba zai nutse ba, ba lafiyar rufinka ce ta kawo shi ba, kar ka ce ai an riga an duba.

Lokacin da ya fi kowane muhimmanci shi ne bayan kun daidaita a kan farashi amma kafin kuɗi ya bar hannunka. Da ka biya, ƙarfinka ya ƙare, duk abin da aka gano bayan nan naka ne. Shi yasa in za a rubuta yarjejeniya ko a ba da kafin alƙalami, a sa a rubuce cewa cinikin ya dogara da sakamakon dubawa, in an samu babbar matsala kana da damar janyewa a mayar maka da abinka. Kuma ranar da za a duba ka je da ƙafarka, kar ka ce a turo maka rahoto kawai. Gida madaidaici yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu in ana aikin tsakani da Allah, wanda ya zagaya cikin minti ashirin ya ce ya gama bai duba komai ba.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani injiniya yana irin wannan aiki a gidan da wani ɗan'uwana ke shirin saya, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai shiga ciki ba tukuna, sai da ya zagaya bayan gidan yana kallon ƙasa, yana duba ina ruwan sama ke bi in ya sauko daga indararo, gangaren ƙasar yana kai ruwa waje ne ko yana maido shi gindin bango. Da ya shiga ɗaki sai ya durƙusa ya ɗora wata ƙaramar na'urar auna danshi a ƙasan bango, ya matsa sama kaɗan ya sake ɗorawa, sannan ya nuna mana cewa fentin da ke ƙasa daga gwiwa zuwa daɓe ya fi na sama sabunta, da ya kankare gefe da makulli sai ga filastar tana zubowa kamar gari, ga wani farin gishiri-gishiri a jikinta. Daga nan ya nemi tsani ya ɗaga murfin silin ya zura kai da tocila, ya daɗe a can, da ya sauko rigarsa duk ƙura ya nuna mana hotunan katakon rufi guda biyu da suka yi baƙi saboda ruwa, ɗaya har ya fara lanƙwasa. Daga ƙasa silin ɗin fari tas, ba za ka taɓa cewa akwai wani abu ba.

Ruwa shi ne babban abokin gabar gini, ina so mai karatu ya riƙe wannan sosai. Kankare yana da ƙarfin ɗaukar nauyin da ke danne shi amma ba shi da ƙarfi in ana jansa ko ana lanƙwasa shi, shi yasa ake sa masa rodi a ciki, kankaren kuma shi ke kare rodin daga tsatsa. In ruwa ya samu hanya ya kai ga rodi, ko don kankaren da ya lulluɓe shi bai yi kauri ba ko don an yi masa rowar siminti, sai rodin ya fara tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri nesa ba kusa ba, sai ta riƙa tunkuɗa kankaren daga ciki har ya tsage ya fara ɓantarewa, ruwa ya ƙara samun ƙofa, rodin kuma yana ta sirancewa. Wannan abu yana ɗaukar shekaru yana faruwa shiru. In ka ga jan tabo kamar na tsatsa a ƙarƙashin dekin ko jikin fila, ko ka ga kankare ya ɓantare rodi ya leƙo, wallahi ba maganar a shafe da siminti a yi fenti ba ce, maganar injiniya ce. Haka danshin da ke tasowa daga ƙasa in ba a shimfiɗa abin da ke tare shi ba lokacin da ake fandisho, shi ne ke sa fenti kumbura da warin nan na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, yana kawo fumfuna a bango, masu asma da ƙananan yara su suka fi shan wahalarsa. In da hali ka sake komawa gidan da kake so ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, abin da za ka gani a ranar ba za ka gan shi a ranar da gari ya bushe ba.

Sai maganar tsagewar bango, wadda ke tsorata wasu fiye da kima wasu kuma ko a jikinsu. Ba kowace tsaga ce matsala ba. Siririyar nan kamar gashi da ke fitowa a filasta yawanci bushewa ce kawai, kusan kowane gida yana da ita. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta bi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, ko wadda ka gani a ciki ka zagaya waje ka same ta a daidai wurin, ma'ana ta ratsa bangon gaba ɗaya. In faɗinta ya wuce milimita 5 lallai a kira mai sani, kuma abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne ko tana ƙaruwa. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura in ta sha ruwa ta tsuke in ta bushe, gini yana hawa yana sauka a kanta shekara da shekaru, in fandishon bai yi zurfin da ya dace ba dole wata rana ya nuna. Ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa mata kafaɗa, taga ta fara cijewa, daɓe ya karkata gefe guda, duk saƙo ne gini ke aikowa, mu kuma sai mu kira kafinta ya fere ƙofar mu ce an gyara.

Wayarin ɗin wuta kuwa shi ne wanda ba ya ba da dogon gargaɗi. Waya siririya da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta tana zafi a cikin bango ko a saman silin kusa da busasshen katako, haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif yana sakin jiki yana tartsatsi, gida babu wayar da ke kai wuta ƙasa in an samu matsala, babu na'urar nan da ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake saitawa a miliyamfiya 30, wato ma'aunin yawan wutar da ke zurarewa. Duk wannan ba a ganinsa da ido, sai mai aikin lantarki ƙwararre ya buɗe akwatin rarraba wuta ya sa na'urorinsa ya auna. A Ingila tun 2020 doka ta wajabta wa masu ba da haya su sa a duba wayarin gidajensu aƙalla duk shekara 5, ni a ganina ko inda babu irin wannan doka mai gida ya ɗora wa kansa, musamman in gidan ya tsufa kuma an ƙara masa na'urar sanyaya ɗaki da hita da firji waɗanda ba a yi lissafinsu ba lokacin da aka ja wayar. A haɗa da bututun gas da wurin da ake ajiye janareta, domin iskar da ke kashe mutane a cikin barci daga hayaƙin inji ba ta da wari ba ta da launi.

Akwai sauran abubuwa da mai duba gida zai duba da ba sai na tsawaita ba: gara a katakon rufi da gindin ƙofofi, famfunan da ke yoyo a cikin bango, inda ruwan banɗaki ke tafiya, da kuma nisan sokawe da rijiya ko burtsatse, wanda masana tsaftar ruwa ke ba da shawarar ya kai kamar mita 30. Tsohon gida kuma yana da nasa, tsofaffin allunan silin da na rufi da aka yi da asbestos, wanda in an bar shi lafiya bai cika yin illa ba amma in aka fasa ko aka yanka ƙurarsa na jawo cutar huhu har da kansa, da tsohon fenti mai dalma wanda Amurka ta hana amfani da shi a gidaje tun 1978 saboda illar da yake wa ƙwaƙwalwar yara.

Yanzu wani zai ce ni ai sabon gida zan saya, ko ni da kaina nake ginawa, me zan duba? Malam Edita, wannan tunanin ya fi ba ni tsoro. Tsohon gidan da ya shekara talatin a tsaye ya riga ya nuna halinsa, sabo kuwa ba wanda ya san shi, kuma gidan da aka gina don a sayar akwai jarabawar a rage rodi a ƙara yashi a zuba kuɗin a kan abin da ido ke gani. Mai gina nasa kuma yana da damar da mai saye ba shi da ita, zai iya sa a duba tun kafin a rufe. A gwada ƙasar kafin a fara tono. A kira injiniya ya ga ramin fandisho kafin a zuba kankare, ya dawo ya ƙirga rodin fila da na dekin ya auna kaurinsu da tazararsu kafin a zuba, domin da zarar kankare ya rufe su magana ta ƙare, sai dai a yi ta hasashe ko a kawo na'ura mai tsada. Ya sake dawowa ya ga wayoyi da bututun ruwa kafin filasta. Kankare kuma sai ya yi kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa, yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, mai gaggawar cire katakon da ke tallafe da dekin don a kai wani aikin yana wasa da rayukan mutane ne.

Wani lokacin da mutane ba sa tunawa da injiniya sam shi ne in za su canza wa gida fasali. A fasa bango tsakanin ɗaki da falo don wuri ya yi faɗi, ba wanda ya tambaya ko bangon nan shi ke ɗauke da abin da ke sama. A ɗora tankin ruwa a kan dekin, alhali lita 1000 na ruwa nauyinsa tan guda ne cur, ban da tankin da abin da aka girka shi a kai. Mafi muni a ɗora bene a kan ginin da fandishonsa na hawa ɗaya ne. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangladash ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutane fiye da 1,100, an ƙara masa hawa na sama ba da izini ba, an zuba masa injina da manyan janaretoci alhali don shaguna da ofisoshi aka tsara shi, kuma kwana guda kafin ya faɗi an ga tsagewa a jikinsa, bankin da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa ma'aikatan ɗinki komawa bakin aiki. Wannan katafaren gini ne ba gidan zama ba, amma dokar nauyi ɗaya ce, ba ta san ƙaramin gini ko babba ba.

Haka ya kamata a kira injiniya bayan ambaliya, ko guguwar da ta taɓa rufi, ko gobara ko da ƙarama ce, domin zafi mai tsanani yana raunana kankare da rodi ko da daga waje baƙin hayaƙi kawai ake gani, ko in maƙwabci ya yi tono mai zurfi dab da katangarka. Wanda zai sayar ma yana da riba in ya riga ya sa an duba, ya gyara abin da zai iya ya faɗi sauran, ba a zo ana tsakiyar ciniki mai saye ya gano abu ya karya masa farashi ba. Ɗan haya kuma ko bai ɗauko injiniya ba ya zagaya da mai gida su rubuta halin da ya samu gidan su ɗauki hotuna, rigimar ranar tashi da yawa daga nan take farawa. Wanda yake zaune a gidansa lafiya lau shi ma bayan wasu shekaru ya sa a leƙa masa rufi da wayarin, tun gyaran yana ƙarami.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa, mai dubawa ba ya gani har hanji, ba zai fasa bangon gidan da ba naka ba, abin da zai iya kaiwa gare shi da ido da na'ura shi zai faɗa, in ya ga alamar da ta fi ƙarfinsa zai ce a kawo wanda ya ƙware a wannan fanni, kuma wanda ya ce maka haka ka ƙara yarda da shi. Ka dage sai ya ba ka rahoto a rubuce da hotuna da sa hannunsa, ya rarrabe maka abin da ke da hatsari yanzu, da wanda zai iya jira, da wanda na ado ne kawai. Kar dogon rahoto ya firgita ka, babu gidan da ba a samun abin faɗi a kansa.

Amma takarda ba ta riƙe gini. Wani dogon bene na gidaje da ya rufta a garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka ranar 24 ga Yuni 2021 ya kashe mutum 98, tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoto cewa akwai babbar ɓarna a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin iyo saboda ruwa na ratsawa, ya ce a gyara, kusan shekara uku ana ta kai da kawo a kan kuɗin aikin har ginin ya faɗi cikin dare mutane na barci, babban gyaran ba a fara shi ba. Waɗannan an duba musu, an gaya musu. Don haka in rahoto ya zo hannunka ka yi aiki da shi. In saye za ka yi, ka samu mai gyara ya yi maka lissafin abin da aikin zai ci, ka koma wa mai gida da takardar, ko dai ya gyara kafin ka biya a sake dubawa, ko ya rage daidai kuɗin gyaran daga farashi, in kuwa matsalar a fandisho take ko a filolin da ke ɗauke da ginin kuma ya ƙi sassautawa, ka haƙura da gidan komai yadda ya shiga ranka, kuɗin da ka ba injiniya bai tafi a banza ba. Wanda kuma tun farko ya ce shi ba za a shigo masa da wani mai dubawa gida ba, ko ya ce ka yi sauri akwai wani da kuɗi a hannu yana jira, ka ce masa ka gode ya sayar wa wancan ɗin.

Na gode Malam Edita da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Naku mai bibiyar wannan shafi a kullum.